Yadda na samo wa keken Baba sandar sirdi

Shekara tara keken ya yi a jingine a ɗakin ajiya, bayan buhunan hatsi, tun rasuwar mahaifinmu. Peugeot ne na tsere, siririn ƙarfe, shuɗi, zakin tambarinsu yana nan a goshinsa duk da fentin ya koɗe. Baba ya saye shi a hannun wani Bafaranshe da ya koyar a nan Damagaram, lokacin da zai koma ƙasarsu, ni ko lakkwal ban shiga ba. A kan ƙarfen gabansa na fara sanin hanyar Birni zuwa Zango, ƙafafuna suna reto, gemun Baba yana taɓa mini ƙeya.

Bana da aka koma makaranta aka mayar da ni koyarwa can bakin gari, kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa ya fara cin albashi. Sai na nemi izinin Inna. Ta ce, "Ɗauka mana, ai gara a hau shi da tsatsa ta cinye shi. Amma ka riƙe shi yadda ya riƙe shi."

Taya, tib, sarƙa da wayar birki duk a yamma ɗaya aka gama da su. Sirdi ne ya ɗauke ni wata biyu da 'yan kai.

Ranar farko ko kwalta ban hau ba na ji sirdin yana nutsewa a ƙarƙashina, hancinsa yana karkata hagu. Na sauka na ɗaure notin da kile 13, na ɗaure har ba sauran wurin ɗauri. Washegari haka ta sake faruwa. Da na kwance na zaro sandar da ke ɗauke da sirdin, sai ga ta naɗe da yankan gwangwanin tumatir ninki biyu, duk tsatsa ta ci shi, yana marmashewa a hannu. Na goge ta da tsumma da kananzir, lamba ta fito a jikinta: 25.4, wato kaurinta a milimita. Nan na tuna abin da ya faru tun muna yara. Baba bai ji daɗin siririn sirdin tsere ba, ya sa aka canza masa da faffaɗa mai sifirin irin na Phoenix, sirdin kuwa ya zo da tasa sandar, wadda ba ta cika ramin ba, aka cike giɓin da gwangwani. Ga shi kuma an taɓa yanke ta, ta ɗan lanƙwashe baya, ni kuma na fi Baba tsawo da kusan taƙi guda. Ko ba ta zamewa, sai na nemi wata.

Na tafi Kasuwar Dole da tsohuwar sandar a hannu, keken na bar shi gida. Mai kayan kekuna ya dube ta ya ce, "Malam, sandar keke ai duk ɗaya ce," ya nuna mini dami guda, sababbi fil, kowace 25.4. Na ce masa wadda ta fi wannan kauri nake so. Ya shiga ciki ya fito da wata baƙa ta alminiyam, irin ta kekunan gwanjo masu ƙaton taya, an rubuta 27.2. Jika biyu na biya. A gida ko bakin ramin ba ta zauna ba. Na mayar, mutumin kirki ne, ya canza mini da 26.8 ba tare da gardama ba. Ita kuma ta sa hanci ta tsaya cak.

Sai na tura keken wurin wani matashi mai gyara a unguwarmu. Ya ɗora katako a kan sandar, ya ɗauko guduma, kafin in yi magana ya sauke mata ɗaya. Na ga ɓawon fenti ya yi tsalle daga ƙasan tsagar da ke bayan bututun da sandar ke shiga, na riƙe hannunsa. Ya ce, "Malam, ai haka ake yi. In ta shiga ba za ta sake motsi ba. In kuma kana so, a mayar da tsohuwar a kai wa mai walda ya ɗiga mata." Ba mugunta ba ce, abin da ya gani ana yi ke nan, kuma gaskiyarsa, ba za ta sake motsi ba har abada. Amma bututun nan bai kai kaurin milimita guda ba. In aka tura masa abin da ya fi ƙarfinsa, daga ƙasan tsagar yake fara darewa. Sanda ana sayen wata, gangar jikin keken kuwa in ta tsage shi ke nan, ba inda zan samo irinta, balle wadda Baba ya hau. Na biya shi ladan wahalarsa na ja kekena.

Inna ce ta ce in je Zango, akwai tsohon da yake yi wa Baba gyara, in yana raye yana nan gindin dogon yaro inda ya saba zama. Yana nan kuwa, da akwatin kayan aikinsa na katako da kwanon ruwan neman huji. Tun kafin in gama gaisuwa ya ɗora hannu a kan keken, ya yi shiru, sannan ya yi wa Baba addu'a. Ashe ya gane shi.

Bai nemi ganin sandar da na sayo ba. Bayan bututun ya leƙa, inda noti yake ratsa kunnuwa biyu. Ya ce, "Ɗana, zo ka gani. Tsagar nan ya kamata faɗinta ya zama ɗaya daga sama har ƙasa. Ka ga taka? Ƙasa a buɗe, sama kunnuwa sun haɗe baki. Duk keken da ka gani haka, ƙaramar sanda aka sa masa, aka yi ta ɗauri. In kunnuwa suka haɗu, ko ka karya kile ba abin da kake matsewa sai junansu." Shi ya sa nake ɗaurewa tana zamewa.

Na tambaye shi dalilin da ya sa duk kasuwa babu wadda ta yi daidai. Ya ce, "Keke iri biyu ne suka shigo ƙasar nan. Na Ingilishi ta Kano ya biyo, na Faransi ta wata hanyar. Kowa da tiyarsa."

Daga baya, da na zauna da alƙalami, na ga yadda maganarsa take a lissafi. Inci ɗaya na Ingilishi shi ne milimita 25.4 cif. Raleigh, wanda asalinsa na Nottingham ne kuma har masana'anta ya yi a Kano, da wannan awon ya riƙa tafiya a kekunansa na yau da kullum, Phoenix na Shanghai kuma samfurin keken Ingila ya bi. Su suka cika garuruwanmu, don haka kayansu suka cika kasuwa. Bututun da sanda ke shiga, a awon Ingila kaurinsa daga waje inci ɗaya da ɗaya bisa takwas ne, wato milimita 28.6. Faransawa kuwa da mita suke awo, nasu 28 ne daidai. Ramin ciki kuma ya danganta da kaurin bangon ƙarfen: in ƙarfe mai kyau ne ana yin bangon siriri, ramin ya yi faɗi, in na araha ne a yi shi da kauri, ramin ya tsuke. Shi ya sa sandunan suke hawa daki-daki da 0.2, daga 26.0, 26.2, 26.4, 26.6, 26.8, 27.0 har 27.2, kekunan zamani masu ƙaton bututu kuma su kai 30.9 da 31.6. Ba a sanda kaɗai bambancin ya tsaya ba, har zaren feda na tsofaffin kekunan Faransa daban yake, sai cikin shekarun 1980 kamfanoninsu suka koma awon da sauran duniya ke bi. Wanda ya gāji irin wannan keken ya san da haka kafin ya murɗa masa sabuwar feda da ƙarfi.

Tsohon ya ce kada a auna komai sai an mayar da bakin yadda yake. Ya cire notin gaba ɗaya, ya sa faffaɗan turnabis a tsagar, yana ɗan murɗawa yana saki, yana murɗawa yana saki, kamar mai buɗe bakin jariri a ba shi magani. Ya fi minti goma a kan wannan kawai, har gefen tsagar biyu suka miƙe. Ya ɗauki magagari mai zagaye ya share ɗan kaifin da dukan guduma ya tayar a leɓen bututun. Sannan ya naɗa samfefa a kan sandar tsintsiya, ya jiƙa da kananzir, ya yi ta jujjuyawa a ciki. Abin da ya fito ja ne kamar ƙasar tukwane, har da guntayen gwangwanin da suka faɗa ciki shekara da shekaru.

Ba shi da ma'aunin kauri, sai ya tura ni wurin masu injin sassaƙa ƙarfe, waɗanda suke yi wa motoci aiki. Suna da abin awon nan mai baki biyu da suke kira piye-a-kulis. Mai wurin ya auna waje: 28.0. Ya auna ciki ta fuska uku, gaba da baya, gefe da gefe, da a karkace, domin bakin da aka taɓa matsewa ba ya komawa zagaye sarai. Awon ya tsaya tsakanin 26.5 da 26.6. Ya ce, "Nemi 26.4." Lissafin ya fita: 28 a cire bango biyu na 0.7, saura 26.6, sanda kuma tana son sararin kamar 0.2 don ta shiga da hannu. Haka 27.2 ɗin da na fara saye take, ta bututun Ingila ce mai 28.6 da bango 0.6. Ba laifinta, gidan wani ce. Dala ashirin na ba yaron shagon, kuma da can na fara zuwa da ban yi asarar mako biyu ba.

Sanin lamba daban, samunta daban. Allura ce cikin ruwa.

Yawancin tsofaffin sanduna lambarsu ta goge, ko tana can ƙasa tsatsa ta rufe ta, ni kuma ba zan yi ta yawo da ma'aunin mutane ba. Sai na yi abin da nake koya wa 'yan ajina: kewaye daidai yake da faɗi sau 3.14. Sandar 26.4 kewayenta milimita 83 ne saura kaɗan, ta 25.4 kusan 80, ta 27.2 kuwa 85 da rabi. Na yanki siririyar takarda daga bangon littafi, na ja layi uku da jan biro, na sa a aljihun gaba. Duk sandar da na gani sai in naɗa mata. Takardar ba ta iya raba 26.4 da 26.6, don bambancin kewayensu bai wuce rabin milimita da ɗan ɗori ba, amma tana kore waɗanda suka yi nisa, kuma su ne tara cikin goma.

Alhamis uku na yi ina zagaya kasuwa bayan an tashi daga makaranta. Masu kekunan gwanjo suna da ita a jikin wasu kekunan, na gani da idona, sai dai ba wanda zai cire sanda ya bar keke ba sirdi, kuma ban ga laifinsu ba. Wani ɗan'uwanmu mai zuwa Kano sayayya na rubuta masa lambar a takarda, ya dawo mini da doguwa mai ƙyalli, 25.4, ya ce sun ce ita ce ta kowa. Na samu 26.6 a hannun wani, muka gwada a gaban tsohon. Ta shiga kamar gaɓar yatsa biyu ta cije. Na ce ko a ɗan murɗa ta da ƙarfi, tun da ta kusa. Ya girgiza kai ya ce, "Wadda ta kusa ita ce mai kashe keke. Wadda ta yi nisa ai ba ka ma gwadawa."

A tsakani na samu 26.2 ta baƙin ƙarfe. Ita muka yi wa ciko, amma ba irin na da ba. Tsohon ya yanki gwangwanin lemo da almakashi, wanda kaurinsa bai wuce 0.1 ba, ya yi falle ɗaya mai tsawon yatsa, ya naɗa sau ɗaya ba tare da bakin ya hau kan baki ba, ya daidaita giɓin da tsagar bututun. Falle ɗaya, 0.1 ta kowane gefe, ya ƙara 0.2, ga 26.4 ta fito. Ni ban ƙi ciko ba in irin wannan ne, ya riƙe ni mako uku bai zame ba. Abin da na ƙi shi ne a cike milimita guda cur da tarkacen gwangwani, domin matsin yana taruwa a wuri ɗaya, ƙasan sandar kuma yana rawa a ciki.

Matsalarta gajarta. Kowace sandar kirki tana da layi a jikinta wanda ba a so ya fito waje, galibi santimita shida zuwa goma daga ƙasa. Dole abin da ke ciki ya wuce mahaɗar bututun sama, in ba haka ba nauyin mutum yana zama kamar ana ɓanɓarar bakin bututun da ƙarfe duk lokacin da aka faɗa rami. In na ɗaga wannan zuwa tsawona, abin da zai rage a ciki bai kai yatsa uku a jere ba. Sai na bar ta ƙasa, ina tuƙi gwiwa a lanƙwashe, kafin in isa makaranta cinyoyina sun ɗauki zafi.

Ranar wata Asabar cikin Disamba, hunturu ya sauka, gari ya yi fari da ƙura, na bi ta wurin 'yan gwangwan a bakin gari, inda ake tara tsofaffin ƙarafa ana aunawa a kilo. A ƙarƙashin wani gadon ƙarfe na hango gangar keke da mota ta take, gaba duk ya murƙushe, amma sandar sirdi tana tsaye a jikinta, ta alminiyam, mai 'yan kwarmi a tsaye. Na tofa yawu na goge kanta da babban yatsa, sai ga SR Laprade, ta kamfanin Sakae Ringyo na Japan, irin wadda aka riƙa sa wa kekuna da yawa a shekarun 1980. Na fito da takardata na naɗa. Bakinta ya sauka a kan layin tsakiya. Na sake naɗawa a wani wurin, nan ya sake sauka. Sai da na zauna a kan wata tsohuwar taya na ɗan huta.

Sai dai ta ƙi fita. Mu biyu da yaron wurin muka murɗa, ko gezau. Ya ce bari ya hura wuta a gasa bututun. Na hana, don tsohon ya riga ya gargaɗe ni: alminiyam ya fi baƙin ƙarfe kumbura in ya ji zafi, kusan ninki biyu, wuta ƙara cije ta take yi tun tana ciki. Tun da gangar ta riga ta mutu, na roƙi mai wurin ya yanko mini bututun da sandar a ciki. Jika ɗaya ya karɓa.

Tsohon ya ɗaure guntun a bakin benci ya ɗauki zarto. Bai yanka a gicciye ba, a tsaye ya bi bututun daga tsagar zuwa ƙasa, zarton a kwance-kwance, yana yi yana hure garin ƙarfen yana dubawa. Da ƙarfen ya yi siriri kamar takarda ya ajiye zarton, ya kama leɓen da filaya ya ɓare shi kamar ɓawon rake. Sandar ta fito lulluɓe da farin gari kamar toka. Ya ce wannan shi ne abin da yake haɗa su: alminiyam da baƙin ƙarfe in suka daɗe tare ba giris, ga damshin damina, sai su ci juna su manne. Muka wanke ta da kananzir, muka bi ta da samfefa mai laushi sama-sama don kada a rage mata kauri. Can ƙasa, kusa da layin iyaka, lambar ta fito ƙanana: 26.4.

Ya shafa giris a cikin bututun da yatsa, ya shafa wa sandar, ya miƙo mini ya ce in sa da kaina. Na ɗora, na ɗan juya dama da hagu, ta sulale a hankali, ina jin iska tana fita ta wani wuri a ƙasa. Da na saki ba ta faɗa da kanta ba, da na girgiza ba ta yi rawa ba. Ya sa sabon noti ya ɗaure, bai kai zagaye biyu ba ta kama, tsagar kuma tana nan a buɗe, tsabar dala biyar tana shiga tsakanin kunnuwan. Wajen tsawo, ya ce in hau in ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, in ƙafa ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba, nan ne wurin. Muka tsaya layin iyaka yana ciki da faɗin yatsa guda. Da na fi haka tsawo kaɗan, da ita ma ba ta yi ba.

Abu ɗaya ne ban yi tsammani ba. Tsohuwar sandar kanta a tsuke yake, ana ɗaura mata maƙalar sirdi daban. Wannan kuwa maƙalarta a jikinta take, noti ɗaya ne na kile alan 6, kuma siraran ƙarafa biyu na sirdin zamani take kamawa. Faffaɗan sirdin Baba bai hau ba. Mun juya shi ta kowace fuska, babu hali. Na tsaya riƙe da shi, fatarsa ta lotsa daidai inda yake zama, gefen dama ya fi na hagu cinyewa. Tsohon ya ce, "Kai shi gida, ɗana. Ba a jefar da irin wannan." Na sayi wani na gwanjo a wurinsa aka ɗaura.

Washegari Lahadi, ranar kasuwar Mirya, na naɗa ɗan baƙin salatif a jikin sandar daidai bakin bututun, na kama hanya da sassafe. Kilomita 18 ne, iska tana bugun fuska, ga gargada a wasu wuraren. Da na isa na jingine keken a jikin bishiya na duƙa na duba, salatif yana inda na sa shi. Na sayi kabeji da albasa na ɗaure a baya, na dawo kafin azahar, na sake dubawa a ƙofar gida, bai matsa ba.

Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta ce, "Ya yi?" Na ce ya yi. Sirdin Baba kuwa ta riga ta goge shi da man gyaɗa, ta rataye a ƙusar da ke bayan ƙofar ɗakinta, kusa da carbinsa.